Ɗoyin da silimar zombi ba ta nunawa

Duk wanda ya taɓa kallon silimar zombi ya san yadda labarin yake tafiya: annoba ta afka ma duniya, matattu sun tashi suna yawo cikin gari suna farautar masu rai, ƴan tsirarun da suka tsira kuma suna ɓuya cikin kantuna da gidajen kurkuku. Mai kallo yana ganin jini, yana jin kururuwa, amma akwai abu guda da akwatin talabijin ba ya iya kawo mashi, wato wari. Da labarin gaskiya ne, da ɗoyi ne zai tada mutum da asuba, shi ne kuma zai raka shi shimfiɗa. Tambayar abin da wannan ɗoyi zai yi ma waɗanda suka rage tana kama da wasa, amma amsarta tana cikin tarihin girgizar ƙasa da ambaliya da annoba, kuma ta shafi duk wanda wata rana alhakin gari ko na kasuwa zai hau wuyansa.

Asalin zombi

Maganar zombi daga ƙasar Haiti ta bazu cikin duniya. A camfin mutanen can, boka yana iya tono wanda aka binne, ya raba shi da hankalinsa, ya sa shi aikin gona ba dare ba rana. Masana tarihi suna danganta wannan tsoro da zamanin bauta a gonakin rake, inda bawa yake fargabar ko mutuwa ba za ta ƴanta shi ba. Amurkawa sun ɗauki labarin suka yi silima da shi tun 1932, amma George Romero ne, da Night of the Living Dead a 1968, ya fito da matattu masu cin naman mutane, irin waɗanda aka sani yanzu.

A cikin The Walking Dead, wasan talabijin da aka nuna daga 2010 zuwa 2022, akwai wurin da mutum biyu suka shafe jikinsu da kayan cikin gawa don su ratsa titunan Atlanta ba tare da matattu sun shinshino su ba, sai ga ruwan sama ya wanke dabarar. Nan kaɗan ne daga wuraren da masu silima suka tuna da hanci. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ita ma ta ari labarin zombi a watan Mayu na 2011 don ta koya ma jama'a shirin bala'i, tana cewa wanda ya shirya ma zombi ya shirya ma guguwa da girgizar ƙasa.

Inda warin yake fitowa

Da zarar rai ya fita, ƙwayoyin halitta da ke cikin hanji sai su soma cin jikin daga ciki. Aikinsu ne ke kumbura gawa, shi ne kuma ke fitar da iska iri-iri. Biyu daga cikin sinadaran wannan ɗoyi, futresin da kadaberin, wani likita Bajamushe mai suna Ludwig Brieger ne ya bayyana su a 1885. A kansu akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda masana suke rubutawa H2S. Zafi yana gaggauta komi. Littafin jagora da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Croix-Rouge suka fitar a 2006 ya nuna cewa a ƙasa mai zafi, cikin awa 12 zuwa 48 fuskar mamaci tana iya canzawa har a kasa gane shi. Wani tsohon ma'auni na likitan Berlin, Casper, ya ce ruɓar mako 1 a fili daidai take da ta mako 2 cikin ruwa, ko mako 8 cikin ƙasa.

Gawa kuwa kashi guda ce kawai. Garin da wutar lantarki ta ɗauke kuma ma'aikata suka watse yana da wasu hanyoyin ɗoyi: nama da kifi a ɗakunan sanyi, dabbobin da suka mutu a ɗaure, shara da ba a kwashe ba, magudanan ƙazanta da injinansu suka tsaya. Firigo da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4, cikakken firiza kuma kamar awa 48. Bayan guguwar Katrina ta watan Agusta 2005, mutanen birnin New Orleans da suka koma gida bayan makonni ba su ko buɗe firigonsu ba: naɗe su suka yi da salatif suka jera a bakin titi, dubbai.

Abin da yake yi ma mai rai

Warin gawa a fili, inda iska ke kaɗawa, ba ya kashe mutum kuma ba ya sa mashi cuta. Sai dai yana raunana shi ta wasu hanyoyi. Na farko tashin zuciya da amai, abin da ke ƙarar da ruwan jiki a lokacin da ruwan sha ya yi wuya. Na biyu rashin sha'awar abinci: yawancin abin da ake kira ɗanɗano daga hanci yake, shi ya sa mai mura ba ya jin daɗin miya, kuma da yawa cikin ma'aikatan da suka yi aikin kwashe gawawwaki sukan daɗe ba su iya cin nama ba. Na uku ciwon kai da rashin barci. Mutumin da bai ci ba, bai yi barci ba, ba zai iya gudu ko gadi ko yanke shawara mai kyau ba.

Akwai kuma abin da ya shafi hankali. Hancin ɗan Adam yana da na'urorin gane wari kamar iri 400, binciken da ya sa aka ba Linda Buck da Richard Axel kyautar Nobel a 2004, kuma saƙon da suke aikawa yana isa kusan kai tsaye ga sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro da tunawa. Saboda haka ne tsohon soja ko ma'aikacin agaji, bayan shekaru, ƙaurin nama a bakin tukuba ko warin mushe a gefen hanya yake iya maida shi cikin ranar da yake son mantawa, gumi ya karyo mashi. Abin da ya taɓa hanci, in ji Hausawa, ido yake sa ruwa.

Hancin da ya saba

Duk da haka hanci yana sabawa. Baƙon da ya shiga majema ko mayanka yakan toshe hanci, alhali masu aikin suna cin abincinsu a nan hankali kwance. Waɗanda suka tsira daga zombi su ma za su saba, kuma wannan sabon yana da nasa haɗari, domin mai gadin da ya yi barci ba ya gargaɗi. Wanda ɗoyi ya cika ma hanci ba zai gane naman da ya lalace ba, ba zai ji ƙaurin wuta ko warin gas da ke zuba ba.

Mafi muni shi ne H2S. Idan kaɗan ce a cikin iska hanci yana jin ta sarai, amma in ta kai kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan sai ta kashe jin warin kansa, mutum ya ɗauka ta wuce. In ta kai kashi 700 zuwa 1000, numfashi ɗaya ko biyu ya isa ya kada ƙato. Ta fi iska nauyi, don haka ƙasa take kwanciya: cikin rijiya, ramin salga, magudana da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, wato daidai wuraren da jaruman silima suke ɓuya. Masu yasar salga da rijiya sun san irin wannan mutuwa, inda na farko ya faɗi, na biyu ya sauka ceto ya bi shi. Hayaƙin injin wuta ko gawayi cikin ɗaki rufe kuwa yana ɗauke da iskar CO, wadda ba ta da wari ko kaɗan. Wanda ya toshe ƙofa da taga don gudun ɗoyi, ya kunna gawayi a ciki, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Darasin Landan da na Haiti

Shekaru aru-aru likitocin Turai sun gaskata cewa mugun wari ne ke kawo annoba. Sunan malariya ma daga harshen Italiya yake, ma'anarsa mummunar iska. A 1854 likita John Snow ya nuna cewa kwalarar da ta kashe ɗaruruwa a wata unguwar Landan daga famfon ruwan titin Broad Street ta fito, amma hukumomi ba su gamsu ba. Sai a bazarar 1858, da kogin Thames ya yi ɗoyin da ya kori ƴan majalisa daga ɗakunansu, aka ba injiniya Joseph Bazalgette kuɗin gina manyan magudanai. Warin suka nufa, amma da ƙazanta ta daina haɗuwa da ruwan sha, sai kwalara ta bar birnin.

Ƙasar da ta haifi labarin zombi ita ma ta ga abin da idonta. Girgizar ƙasa ta 12 ga Janairu 2010 ta kashe mutum fiye da dubu 200 bisa lissafin gwamnatin Haiti. Kwanaki gawawwaki suna kan titunan Port-au-Prince, jama'a suna shafa man goge haƙori a ƙarƙashin hanci. Saboda ɗoyi da tsoron annoba, aka kwashe dubbai da manyan motoci zuwa ramukan Titanyen, ba suna ba hoto. Annoba ba ta fito daga gawawwakin ba. Kwalara ta zo ne a watan Oktoba, daga ƙazantar sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya da ta gurɓata kogin Artibonite, ta kashe mutum kusan dubu 10, har Ban Ki-moon ya nemi gafarar mutanen ƙasar a watan Disamba 2016. Iyalai masu yawa kuwa har yau ba su san inda nasu yake kwance ba.

Wannan ba ya nufin kowace gawa ba ta da haɗari. Wanda kwalara ko Ebola ta kashe yana iya harbin mai yi mashi wanka, kamar yadda aka gani a Gine da Laberiya da Saliyo daga 2014 zuwa 2016, inda mutum fiye da dubu 11 suka mutu. Amma wannan gawa tana da haɗari tun ba ta soma wari ba. Abin dubawa shi ne abin da ya kashe mamacin.

Abin yi ranar bala'i

Ga magajin gari ko shugaban kasuwa da irin wannan rana ta riska, aikin farko shi ne ruwan sha: a tafasa ko a sa mashi jabel, a raba shi da salga, a rufe abinci daga ƙudaje. Masu ɗaukar gawa su sa safar hannu da takalman roba, su wanke hannu da sabulu. Ƙyallen rufe hanci yana kwantar musu da hankali, ba a hana su. Gawar da ba a gane ba a ba ta lamba, a ɗauki hotonta tun da wuri, a binne ta cikin zurfin mita 1,5, nesa da rijiya da aƙalla mita 200, a rubuta wurin. Da wannan lamba ce gobe iyali za su sami kabarin nasu da takardar shaidar mutuwa, a raba gado, matar mamaci ta san matsayinta. Kada kowa ya sauka rami ko rijiya ba igiya a ƙugu da mutane a sama, ko da bai ji warin komi ba.