Asbesto a Rufin Gidajen Sakkwato da Darasin Ƙasashen Tsohuwar Tarayyar Sobiyet

Asbesto wani irin dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa, wanda in an farfasa shi sai ya warware sili-sili kamar auduga. Wuta ba ta cinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi, gara kuma ba ta taɓa shi. Saboda haka ne ake cuɗa shi da siminti a yi fallayen rufi, da silin, da bututun ruwa.

A Nijeriya an kafa kamfanin yin irin waɗannan fallaye a Ikeja cikin 1959, watau wanda ake kira Nigerite. Daga baya aka sami masana'antu irinsa a Inugu da Bauci da Kano. Bayan da Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma cikin 1967, kuɗin man fetur kuma suka shigo, sai aka yi ta gina ofisoshi da makarantu da gidajen ma'aikata, aka sa wa da yawa daga cikinsu rufi ko silin na asbesto. Dalilin a fili yake: wanda ya san zafin bazarar Sakkwato ya san ɗaki mai rufin kwano ba ya zaunuwa da azahar. Na asbesto kuwa ya fi sanyi, ba ya tsatsa, ba ya ƙara in ana ruwa.

To, illarsa tana cikin ƙurarsa. In an zarta falle, ko an huda shi, ko ya tsufa ya fara marmashewa, sai ƙananan silla waɗanda ido ba ya gani su tashi cikin iska. Wanda ya shaƙe su sai su maƙale a huhunsa, jiki kuwa ba ya iya narkar da su. Manyan cututtuka uku ke biyo baya. Ta fari, huhu ya yi tabo ya ƙandare, numfashi ya riƙa sarƙewa. Ta biyu, sankarar huhu, wadda Richard Doll ya tabbatar da dangantakarta da asbesto a Ingila cikin 1955. Mai shan taba kuma haɗarinsa ya ninka. Ta uku, sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda J. C. Wagner da abokan aikinsa suka bayyana a Afirka ta Kudu cikin 1960. Ciwon yakan yi shekara 20 zuwa 40 kafin ya fito. Kafintan da ya zarta silin cikin 1980 yana iya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Gawon Nama da tari da haki a yau, ya kuwa manta da wancan aiki sarai. In ba a tambaye shi sana'arsa ta dā ba, ana iya zaton tarin fuka ne.

Ƙasashen da suka fito daga Tarayyar Sobiyet bayan rushewarta cikin 1991 suna da darasi a gare mu. A zamanin Sobiyet da fallayen asbesto aka rufe gidaje birni da ƙauye. A duwatsun Ural na Rasha akwai gari sukutum mai suna Asbest, wanda ya rayu a kan haƙar wannan dutse, haka kuma Zhitikara a Kazakistan. Da tarayyar ta watse, hanya ta rabu. Istoniya da Latbiya da Lituwaniya sun shiga Tarayyar Turai, wadda ta haramta asbesto daga 2005, Yukiren kuma ta yi dokar hana shi cikin 2022. Amma Rasha da Kazakistan sun ci gaba da haƙa da sayarwa, suna cewa farin asbesto ba shi da haɗari in an yi hattara. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda da wannan ba; a wurinta kowane irinsa yana kawo sankara. Abin lura shi ne, inda abincin gari ya rataya a kan ma'adini, da wuya a ji maganar likita. Sa'an nan ko inda aka hana, tsofaffin rufi suna nan, don doka ba ta sauke abin da aka riga aka kafa.

Wannan na ƙarshe shi ne halin da muke ciki. Falle mai lafiya wanda ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Haɗarin yana ranar gyara ko rushewa, sa'ad da leburori ke farfasa shi da guduma, yara kuma su kwashe gutsattsarin, ko a cike rami da su a kan hanya.

Don haka ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su sa wannan cikin darasin kiwon lafiya. A koya wa ɗalibai kada a zarta tsohon falle ko a goge shi a bushe. In tilas ne a sauke shi, a jiƙa shi da ruwa, a cire shi ɗungum, a naɗe cikin leda mai kauri, a binne inda hukuma ta keɓe. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare irin wannan ƙura, sai takunkumin da aka yi dominta. Ma'aikaci kuma kada ya kai kayan aikinsa gida a kakkaɓe, gama matan da ke wanke tufafin mazansu su ma sun kamu a ƙasashe da dama. Malamin da aka tura makarantar da silinta ya fara zuba, lalle ne ya sanar da hukuma kafin a kira kafinta.