Kiyaye Irin Dashe Daga Ruwan Marka a Lambunan Gida na Boɗinga da Shagari

Manufar wannan takarda ita ce jawo hankalin mahalarta taro ga wata hasara da ake yi a lambunan bayan gida na Boɗinga da Shagari, kudu da birnin Sakkwato. Masu lambu sukan yafa irin albasa da tumatir da tattasai tun damina ba ta ɗauke ba, domin su sami na dashe da wuri. To, sai dai watan Agusta shi ne tsakiyar marka. Ruwa mai ƙarfi yakan tone iri, ya kwantar da tsiro, sa'an nan danshin da ya kwana yakan ruɓar da shi daga gindi.

A ganina, babban kuskure shi ne yafa iri cikin komi mai zurfi irin na noman rani, wanda tara ruwa ne aikinsa. Da damina kamata ya yi a ɗaga fangali kamar taƙi guda, a ja masa magudana. Bayan haka a kafa 'yar rumfar kara, a shimfiɗa ciyawa shara-shara, yadda ɗigo zai sauko a hankali. A riƙa yaye ta da safe, don tsiron da bai ga rana ba yakan yi tsawo siriri, da wuya ya jure dashe.