Murɗaɗɗen Layi: Daga Kwamfuta Zuwa Matakalar Bene

Ranar da wani mai walda da muke haɗuwa a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ya roƙe ni in zana masa matakala mai zagaye, ranar na gane darajar murɗaɗɗen layi. Ku dubi zaren noti ko sifirin ɗin mota: layi ne da ke zagayawa yana hawa a lokaci guda, kamar tufkar igiya.

A manhajar AutoCAD akwai umarnin HELIX, kuma cikin abubuwan da yake nema akwai faɗin zagaye, tsawon hawa, da yawan juyi. Ni na ba umarnin tsayin bene mita 3 da juyi ɗaya cikakke. Na raba layin taki 18, kowane taki ya juya digiri 20, ya hau kusan santimita 16.7. Daga nan umarnin SWEEP ya bi layin da siffar bututu, sai ga madafar hannu ta fito sumul a allo.

Lissafin nan ɗaya ne ko'ina. Notin M10 na yau da kullum yana matsawa milimita 1.5 a kowane juyi. Siffar ƙwayar halitta ta DNA da Watson da Crick suka bayyana a 1953 ma irin wannan murɗa ce, sai dai ita layi biyu ce.

Da zanen matakalar a hannu, mai waldar nan ya yanka ƙarfensa sau ɗaya, bai yi asarar ko guntu ba. Matasanmu masu koyon zane a Abuja, ku riƙe wannan ilimi da kyau, akwai abinci a cikinsa.