Ko Kun Sani?

Tun a shekarun 1970 Najeriya ta koma awon mita da kilo a hukumance, amma har gobe a Yelwa da sauran unguwannin Jalingo da mudu ake auna masara, da yadi ake yankan shadda, fili kuwa da ƙafa. Mai saye yana ganin mudu da idonsa: ya duba gindinsa ko an bubbuge, ya tabbatar an cika ya yi tozo. Sikeli kuwa ana iya murɗa shi a ɓoye. Ga shi farashi da ƙwarewar tela duk a kan tsohon awon aka gina su. Amurka ma har yanzu da mil take auna hanya.