Satar Gida: Dabarar 'Yan Wasan Ƙanƙara Da Filayenmu Na Gagarawa

Da zarar an gama girbin gero da riɗi a ƙasar Gagarawa, sai samari su share fili su kafa turaku, ƙungiyar wannan gari ta gayyaci ta wancan, har daga Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar. To amma kowa ya san abin da ya fi tashin wasa ba a gama ba, wato gardamar satar gida. An ci ƙwallo, wasu na murna, wasu na rantsuwa ɗan wasa ya yi gaba, kafin a ankara an shiga fili da sanduna, zumuncin garuruwa biyu ya ɓaci.

'Yan'uwa masu karatu, bari mu leƙa wani wasa da ba mu yi a nan, wato hoki, ƙwallon gora da ake yi a kan ƙanƙara a Kanada, Amurka da Rasha. Mutum shida-shida ne har da mai tsaron gida, suna sulɓi da takalma masu ƙarfe suna korar wani ɗan faifan roba. An ja shuɗin layi biyu da suka raba filin kashi uku. Doka ita ce, kada mai kai hari ya riga faifan tsallake shuɗin layin abokan hamayya. A shekarar 1929 aka kafa ta a babbar gasar NHL, domin da aka saki miƙa faifai gaba, sai 'yan wasa suka riƙa zuwa bakin raga suna jiran tsammani.

Abin da ya burge mu shi ne yadda suke warware kuskuren. Idan faifai ya shiga alhali wani ɗan wasa yana ciki, kuma bai taɓa shi ba, mai kula da layi ba ya busa usur nan take, hannu kawai yake ɗagawa. Dole duk masu harin su ja da baya zuwa shuɗin layin. Idan sun fita gaba ɗaya, ya sauke hannu, wasa ya ci gaba. Mutum ɗaya ya yi nawa, aikin sauran ya lalace. Shi ya sa za ka ji suna yi wa juna ihu a fita, mai sauri ya rage gudu, mai riƙe da faifai kuma ba ya tsayawa yanga a bakin layi yana jefa 'yan'uwansa cikin laifi.

A ƙwallon ƙafa layin ba a zane yake ba, yana tafiya ne tare da ɗan baya na ƙarshe idan gola na gidansa. Tun 1925 abokan hamayya biyu ake buƙata tsakanin mai hari da layin gida, kuma tun 1990 wanda ya yi daidai da ɗan bayan bai yi sata ba. Lokacin da aka bugo ƙwallo ake dubawa, ba lokacin da ta iso ba, kuma nan ne 'yan kallo da yawa ke ruɗewa. Babu satar gida a jifa, ko bugun kwana, ko bugun gola.

Ko manya abin na shige masu duhu. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, an soke ƙwallon Edin Dzeko na Bosniya bisa kuskure, Nijeriya ta ci 1-0, ba mu ji wanda ya yi ƙorafi a nan ba. Da muka gamu da Faransa, Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, ya bugo wa Emmanuel Emenike ya zura, aka ɗaga tuta, sai muka yi ta ɗaga jijiyar wuya. Sai a gasar 2018 aka fara duba bidiyo.

Mu da ba mu da bidiyo, alƙali ɗaya a tsakiyar ƙura ba zai ga wanda ya bugo da wanda ya sheƙa a lokaci guda ba. A ganinmu, kafin a take ƙwallo, kaftin-kaftin su amince da masu tuta biyu daga wani gari na uku, ko da ƙyalle ne a bakin kara. Masu horarwa kuma su daina ɗora laifin a kan ɗan gaba shi kaɗai. Sau da yawa ɗan tsakiya ne ya riƙe ƙwallo ya ƙi saki har abokinsa ya zarce. A atisaye a koya wa ɗan gaba gudu a kaikaice tare da 'yan baya har a bugo, in kuwa ya ga ya wuce, ya bar ƙwallon ga wanda ke tahowa daga baya, ya dawo da sauri.