KADA KI SA TAKARDAR HARAJI ƘARƘASHIN KATIFA

 Yau maganarmu a kan haraji take. Na san wata za ta ce, "Ina ruwan mace da haraji, ai sha'anin maza ne." To, yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, gama ran da aka garƙame kantin mai gida, tukunyarki ce za ta fara sani.

Kwanan baya wata maƙwabciyata, wadda mijinta ke da shagon ɗinki, ta shigo wurina da la'asar riƙe da takardu uku. Ta ce, "Malama, duba mini waɗannan. Baban yara ya ce in adana, na sa su ƙarƙashin katifa, yau wata huɗu ke nan." Da na buɗe sai gabana ya faɗi. Ta fari, an yanka masa harajin shekara. Ta biyu tuni ce. Ta uku kuwa gargaɗi ne na ƙarshe, cewa in bai biya ba za a zo shago. Kuɗin da aka yanka ya fi ƙarfin abin da shagon ke kawowa, amma lokacin da zai ce bai yarda ba ya riga ya wuce tun takardar tana kwance. Sai da ta sayar da tumakinta biyu, ta haɗa da kwasar adashinta, kana aka bar musu kekunan ɗinki. Shi ya sa na ce bari in yi muku bayanin yadda abin yake tafiya.

Kakanninmu sun san harajin kai da jangali, waɗanda mai unguwa da dagaci ke bi gida gida suna karɓa. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Balarabe Musa na Kaduna suka soke su a jihohinsu. Harajin da muke magana yanzu dabam ne, watau harajin abin da mutum ya samu a shekara, namiji ne ko mace. Kowace jiha tana da hukumarta ta tara haraji, kuma mutum yana biya ne ga jihar da yake zaune. Mai albashi, wurin aikinsa ake yanke masa kowane wata. Mai sana'ar kansa kuwa, kamar tela, ko mai kanti, ko ke mai sayar da atamfa, shi zai kai bayanin abin da ya samu bara, kafin ƙarshen watan Maris.

Ran 26 ga Yuni 2025, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, biyu daga cikinsu suka fara aiki ran 1 ga Janairu 2026. A cikinsu akwai sauƙi ga talaka. Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba haraji a kansu. Abin da ya biyo baya ana ɗaukar kashi 15 cikin 100, har samu ya kai Naira miliyan 3, daga nan kason ya riƙa hawa. Ga misali: in ribarki ta shekara Naira miliyan 1 ce, a kan Naira 200,000 kaɗai za a yi lissafi, harajinki ya zama Naira 30,000. Ki lura, riba na ce, ba kuɗin ciniki duka ba.

To, idan mutum bai biya ba fa? Hukuma ba ta faɗo wa mutum haka kwatsam, tana da matakai.

Da fari, in ba a kai mata bayani ba, sai ta ƙiyasta da kanta, ta aiko da takarda. Nan ne kuɗi yakan yi yawa, don wanda ya ƙiyasta bai ga littafin cinikinki ba. Daga ran da takardar ta zo hannu, mutum yana da kwana 30 ya rubuta cewa bai yarda ba, ya faɗi dalilinsa. In ya yi shiru har kwanakin suka cika, kuɗin ya tabbata a kansa, ya zama bashi.

Na biyu, sai tara ta hau. Wanda bai biya kan lokaci ba, ana ƙara masa kashi 10 cikin 100 na bashin, ga kuma kuɗin ruwa yana ta hawa. Ƙin kai bayanin shekara ma laifi ne mai zaman kansa: sabuwar doka ta sa Naira 100,000 a watan farko, da Naira 50,000 kowane wata da ya biyo.

Na uku, hukuma tana da ikon bin kuɗin mutum inda suke. Tana iya rubuta wa bankinsa, ko wanda ke haya a gidansa, ko wanda yake bi bashi, ta ce kuɗin nan da ke hannunka na wane, kawo su nan.

Na huɗu shi ne wanda kowa ke tsoro, watau kama kaya. A zo da takardar izini, wani lokaci har da 'yan sanda, a rufe shago ko a kwashe kaya. Akan riƙe su kwana 14. In ba a biya ba a yi gwanjonsu, a cire haraji da tara da kuɗin ɗawainiya, abin da ya saura a mayar wa mai shi. Gida da fili kam ba a sayar da su sai da umurnin babbar kotu.

Kin ga dai duk wannan doguwar hanya daga takarda ɗaya ta faro. Saboda haka maganin ma daga nan yake.

Takarda in ta zo, a karanta ta ran nan, a rubuta kwanan watan da aka karɓe ta a bayanta. Kada tsoro ya sa a ƙi karɓa, ƙin karɓa ba ya tsai da kwanaki. In ba ku gane Turancin ba, ku nemi wanda ya gane. Matambayi ba ya ɓata.

Ki sayi littafi guda saboda sana'a, ko taki ko ta mai gida. Hannun dama abin da ya shigo, hannun hagu abin da ya fita: sarin kaya, hayar shago, ladan yara, man inji. Wannan littafi shi ne shaidarku ran da aka yanka muku abin da ya fi ƙarfinku. Rasit ɗin hayar gida ma a adana shi, don doka ta yarda a cire kashi 20 cikin 100 na hayar shekara daga abin da za a yi wa lissafi, muddin bai wuce Naira 500,000 ba.

In ba ku yarda da kuɗin ba, a rubuce za ku faɗa, ba da baki ba. Ku kai ofis, a buga muku hatimi a kan kwafinku. In hukuma ta ƙi sauraro, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ita ma kwana 30 ake da su. Ta Arewa maso Yamma tana Kaduna, ta Arewa maso Gabas tana Bauchi. In kuwa kuɗin daidai ne, hali ne babu, to mai gida ya je da ƙafarsa ya roƙi a bar shi ya biya kashi kashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Wanda ya kai kansa ya fi wanda aka zo nema samun sassauci.

Sa'an nan ku yi hattara da 'yan damfara. Kada ki miƙa wa kowa kuɗin haraji a soro ko a ƙofar shago wai zai "gyara" muku. A biya ta banki cikin asusun gwamnati, a karɓi rasit mai sunan mai biya. Tun 1998 doka ta hana tare hanya don karɓar haraji. Kuɗin da ba rasit, a wurin hukuma ba a biya shi ba.

Ku kuma 'yan makaranta, ga inda karatunku zai yi rana tun kafin ku gama. Yau da dare, bayan an ci tuwo, ki ce, "Baba, ko akwai takardar gwamnati da zan karanta maka?" Ki samo gwangwani mai murfi ko jakar leda, ki tara rasit ɗin gidanku shekara shekara, inda gara da ruwan sama ba za su kai ba. Takardar shaidar biyan haraji tana duba shekara uku na baya, kuma akan tambaye ta wajen neman kwangilar gwamnati ko takardar mallakar fili.

Maƙwabciyata yanzu 'yarta ta aji biyar ke rubuta musu littafin shago kowace Juma'a. Tumakin dai sun tafi. Allah ya kiyashe mu da asara, ya sa albarka cikin sana'o'inmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.