Aro Ko Haya? Littafin Waya a Ɗakin Karatun Jama'a

A Paraku da Jugu na ƙasar Benin matasa da dama a waya suke karatu yanzu. To, idan ɗakin karatun jama'a zai ba da aron littafi ta intanet, ya karɓi kuɗi ne ko ya bayar kyauta?

Masu cewa a biya suna da hujja. Littafin takarda sau ɗaya ake saye, a yi ta aronsa har bango ya fita. Na intanet kuwa lasisi ake yanka masa, kuma yana ƙarewa. Tun 2011 kamfanin HarperCollins na Amurka ya ƙayyade aro 26 ga kowane kwafi, daga nan sai ɗakin karatu ya sake biya. Marubuci ma da guminsa yake ci. Marubutan Hausa masu sayar da labaransu ta WhatsApp sun san zafin ganin aikinsu yana yawo hannu-hannu ba ko sisi.

Amma a dubi mai karatun. Ga yarinya tana taya uwarta tsaron tulin doya a kasuwar Arzeke ta Paraku, wayar yayanta a hannu, fuskar wayar duk ta tsage. Kafin ta buɗe shafin farko ta riga ta sayi data a MTN ko Moov, ta biya mai caji. A ƙara mata dala ashirin na sefa kan kowane littafi, sai ta haƙura ta koma kallon bidiyo. Mutanen Benin sun nuna ba sa wasa da wannan batu a 2018, lokacin da aka sa haraji kan amfani da shafukan sada zumunta: koke ya yi yawa har gwamnati ta janye shi a watan Satumba.

Tun asali ma ba don ciniki aka kafa ɗakin karatun jama'a ba. Sanarwar UNESCO ta 1994 ta ce bisa ƙa'ida kyauta ne. A Benin ɗin nan aka fara buɗe cibiyoyin karatu na CLAC a 1986, domin littafi ya isa karkara.

Ni dai ina bayan aro kyauta. Haƙƙin marubuci wajibi ne a biya shi, sai dai daga kasafin ƙaramar hukuma da ma'aikatar al'adu ya kamata ya fito, kamar yadda ake biyan albashin malamin makaranta. Mai hali zai sayi littafinsa ko da ɗakin karatu ko babu. Ɗiyar mai doya ita ce ba ta da wata ƙofa, kuma dominta aka gina wurin.